Ƙamshin Tazargade a Kwarin Travers

Ban gama hawa tsanin ba ƙamshin ya tare ni. Ɗaci ne mai sanyi, irin wanda ke shiga ta hanci ya sauka har maƙogwaro, kuma na san shi tun kafin in san baƙi da wasali. Ƙamshin ɗakin kakata ne a Maraɗi, ƙamshin ƙullin tsumman nan da take cusawa a bayan tulu. Na tsaya da ƙafa ɗaya a kan matakala, na ce da ƙarfi, "Kai, wannan ai tazargade ce!" Manomin da ke gabana ba ya jin Hausa, amma ya waiwayo ya ga fuskata, sai ya zaro reshe ɗaya daga cikin dammunan da ke rataye a rufin rumbun ya miƙo mini.

Harhaɗa magunguna ne sana'ata. Wata uku na yi a birnin Nushatel na ƙasar Suwizalan ina ƙaro sani a kan sinadaran tsirrai, kuma abokin da muke teburi ɗaya da shi a ɗakin bincike ɗan wani gari ne da ake kira Couvet. Kullum sai ya ce mini kwarinsu da abu biyu aka san shi, agogo da absinthe, wadda su suke furtawa kamar "absant", wata barasa da ake yi da wani ganye mai wannan sunan. Da ya gayyace ni a farkon watan Yuli, na gaya masa gaskiya tun ba a je ko'ina ba: ni Musulmi ne, ba na sha, ba na ɗanɗanawa. Ya ce shi ma ba don kwalba ya kira ni ba, lokacin yanka ne, ya san zan so in ga ganyen a gonarsa. Da wannan sharaɗi muka kama hanya.

Jirgin ƙasan ƙarami ne, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Daga bakin tafkin Nushatel sai ya kutsa cikin wani matsattsen kwazazzabo inda kogin Areuse ke zuba a ƙasa, ya fita a Noiraigue, kwari ya buɗe: ciyawa kore shar, shanu da ƙararrawa a wuya, duwatsun Jura hagu da dama sun rufu da dogayen itatuwa masu ganye kamar allura. Travers, Couvet, Môtiers, Fleurier, ƙauyuka ne a jere kamar ƙwayoyin carbi. Wanda bai san labari ba, ba zai taɓa cewa nan ne aka haifi abin shan da ƙasashe suka yi ta kafa wa doka ba.

A Boveresse muka fara tsayawa. Akwai wani ƙaton rumbun katako mai hawa-hawa da aka gina a 1893 don shanya ganye kawai, jikinsa duk tagogi ne da ake buɗewa iska ta ratsa ba tare da rana ta taɓa abin da ke ciki ba. Girmansa kaɗai ya isa ya gaya maka yadda noman ya taɓa kasancewa a wurin. Gonar da muka shiga kuwa ƙarama ce. Tsiron ya kai mini ƙugu, ganyensa yage-yage ne, launin toka mai ɗan sheƙi, da laushi kamar an shafa masa gari. Manomin ya ce sai fure ya ɗaure kai yana shirin buɗewa sannan ake yanka, domin a lokacin ne mai ya fi taruwa a jikinsa. A ɗaure shi dami-dami, a rataye kai ƙasa a inuwa, a bar shi makonni. Rana na cinye ƙamshi da launi, in ji shi. Haka kakata take cewa game da kowane ganyen magani.

Na tauna ɗan ganye kamar rabin farce. Maɗaci da muke kuka da shi ɗan yaro ne a gabansa. Har muka bar gonar ina jin ɗacin a tushen harshena.

Ba tazargadenmu ba ce sak, amma gidansu ɗaya. Masana tsirrai suna kiran dangin duka Artemisia, ita wannan sunanta Artemisia absinthium. Littattafan likitancin Larabawa suna kiranta afsantin, kuma tun zamanin Fir'aunonin Masar ake rubuta ta cikin magunguna: ta buɗe ciki, ta kori tsutsa, ta sauke zazzaɓi. Wata 'yar uwarta ta ƙasar Sin, Artemisia annua, ita ce ta ba duniya sinadarin da ke cikin maganin zazzaɓin cizon sauro da nake miƙa wa mutane kullum a kan kanta, aikin da ya sa aka ba Tu Youyou, mai bincike 'yar ƙasar Sin, kyautar Nobel a 2015. Amma a nan dole in ja kunne, don sana'ata ce: ta Suwizalan ɗin ba ta yin aikin waccan, kuma jiƙon ganye ba ya maye gurbin maganin asibiti idan zazzaɓi ya kama yaro.

Kawun abokina shi ne mai tukunya. Tsoho ne gajere mai kaurin hannu, ya haura saba'in. Abokina ya ce, "Tonton, ga baƙon da na gaya maka, ba ya sha." Tsohon ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Monsieur le pharmacien, hanci ya isa. Ni ma da hanci nake aikin." Daga nan har muka rabu da wannan suna yake kirana, wato malam mai magani.

Ɗakin bai fi shagon tela biyu ba. A tsakiya tukunyar jan ƙarfe ce mai murfi kamar albasa, daga samanta wani bututu ya lanƙwasa kamar wuyan raƙumi ya shiga cikin ganga mai ruwan sanyi, inda ya naɗe kamar maciji kafin ya fito ta ƙasa. Sunanta a Faransanci alambic. Na ce masa kalmar ta Larabawa ce, al-anbiƙ, haka ita ma alcool daga al-kuhl ta fito, wato kwallin da matanmu ke sawa a ido. Ya yi shiru yana kallon tukunyar, ya ce shekara hamsin yana goge ta bai san haka ba.

Ya buɗe buhuna ya ce in sa hannu. Na farko absant ɗin ce busasshiya, an cire kara an bar ganye da fure. Na biyu da na uku ban buƙaci a gaya mini ba: yansun ne da shammar, waɗanda ake samu a kowane shagon maganin Musulunci daga Maraɗi har Kano, masu jego na dafawa su sha. Waɗannan uku su ne ginshiƙi, in babu ɗaya a ciki to ba absant ba ce. Ganyen a kwarin ake nomawa, amma yansun da shammar daga ƙasashe masu zafi ake kawo su, sanyin Jura ba ya barin su nuna da kyau. Sauran ƙananan buhunan, na'a-na'a da wasu ganyaye masu ƙamshin lemo, kowane gida da nasa awon, kuma awon ne sirrin da ba a faɗa. Nasa a kansa yake, daga bakin mahaifiyarsa ya karɓa.

Tun daren jiya ya jiƙa kayan a cikin barasa tsantsa, mai ƙarfin da ya haura kashi 80 cikin ɗari, don ta zuƙe man da ke cikinsu. Da safe ya ƙara ruwa ya hura wuta a hankali. Abin da ke faruwa a cikin tukunyar na san shi daga ɗakin bincike, amma ban taɓa ganin wanda ke yin sa da kunne da tafin hannu ba. Barasa ta fi ruwa saurin tafasa, sai ta tashi tururi ɗauke da mai mai ƙamshi, ta bi wuyan raƙumin, ta huce a cikin naɗin, ta fito tana ɗiga fara tas kamar ruwan sama. Ɗacin nan da ya hana ni sakat a gona, mafi yawansa ba ya tashi, a gindin tukunya yake zama tare da tuƙa. Wannan ne bambancin absant ta gaskiya da jiƙo. Wanda ya zuba ganye a barasa ya tace kawai, in ji tsohon, ya haɗa wa kansa azaba ne.

Ɗigon farko ya tara a wani kwano daban, ya ce kai ne, yana da yaji, ba a sha. Sai zuciya, wadda ita ake nema. Can bayan awanni ya riƙa tara yatsa yana shinshinawa, yana taɓa wuyan tukunyar, sai kawai ya janye tulun ya sa wani. Wutsiya ta fara zuwa, in ji shi, za a ajiye ta a mayar tukunya ta gaba. Na shinshina kafin da bayan, da ƙyar na kama bambancin: na farko fure, na biyu kamar jiƙaƙƙiyar ciyawa. Shi kuwa a ɗigo ɗaya ya gane.

Abin da ya fito fari ne. In ana son koriya, sai a ɗebi wani kashi a ɗumama, a jiƙa masa wasu ganyaye daban, ciki har da wata ƙaramar absant marar ɗaci sosai, su saki korensu a ciki, a tace a haɗe. Daga nan aka samo laƙabin da duniya ta san ta da shi, la fée verte, Koriyar Aljana. Koriyar gargajiya takan kai kashi 68 zuwa 72 na barasa, don ƙarfin ne ke riƙe launin kada ya koma ruwan ƙasa. Ta kwarin nan fara suke barin ta, ƙarfinta ya ɗan haura kashi 50. Dalilin barin ta fara yana da labari, zan zo kansa.

Sai ya jawo wani tulun gilashi mai doguwar ƙafa, cike da ruwa da ƙanƙara, da ƙananan famfuna huɗu a jikinsa. Ya zuba absant kaɗan a gindin kofi ya ajiye a ƙarƙashin famfo ɗaya, ya murɗa shi yadda ruwa zai riƙa sauka ɗis, ɗis, ɗis. Da farko wasu zare-zare ne suka fara yawo a ciki kamar an ɗiga mai. Sai hazo ya taso daga ƙasa, ya yi ta hawa, har kofin duka ya koma kamar farau-farau, da ɗan shuɗi-shuɗi idan haske ya ratsa. Man yansun da na shammar suna narkewa a barasa amma ba sa narkewa a ruwa. Da ruwa ya yi yawa sai su fito su warwatsu ƙanana-ƙanana, su tare haske. Kashi ɗaya na absant, uku zuwa biyar na ruwa. Ɗakin ya cika da ƙamshi kamar an buɗe duk buhunan a lokaci guda. Na daɗe ina kallon kofin nan, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana da kyau a ido.

Ya nuna mini cokulan da ya tara, faffaɗa masu huji-huji, wasu an yi musu zanen ganye. A Faransa ana gitta cokalin a bakin kofi, a ɗora ƙwayar sukari, ruwan ya bi ta kanta ya narkar da ita. Su mutanen kwari yawanci ba sa sa sukari. Na tambaye shi batun cinna wa sukarin wuta da na taɓa gani a hoto, sai ya ɗaure fuska. Ya ce wannan ba al'ada ba ce, a mashayun ƙasar Cek aka ƙirƙiro shi bayan 1990 don jan 'yan yawon buɗe ido, kuma ƙone ƙamshin kawai yake yi. Ya tura kofin gaban ɗan 'yar'uwarsa. Ni kuma matarsa ta kawo mini shayin na'a-na'a da burodi da cuku. Ba wanda ya ce ko ɗan kurɓi ɗaya, kuma na ji daɗin wannan karamci ƙwarai.

A teburin nan aka ba ni tarihin. A ƙarshen ƙarni na 18 ana sayar da wani ruwan magani na absant a Couvet. Wasu na danganta shi ga wani likita Bafaranshe, Pierre Ordinaire, mutanen kwarin kuwa sun fi tsayawa a kan wata mata ta gidan Henriod. Abin da ba a gardama a kai shi ne, wajen 1797 wani Manjo Dubied ya mallaki awon, ya buɗe matata a Couvet tare da ɗansa da surukinsa Henri-Louis Pernod. A 1805 Pernod ya tsallaka iyaka ya kafa tasa a Pontarlier, don ya kuɓuta daga harajin shigar da kaya Faransa. Maganin ciki ya zama haja.

Abin da ya kai ta kowane lungu na Faransa, a nahiyarmu ya faru. Lokacin da Faransa ke yaƙin mamaye Aljeriya, daga 1830 zuwa 1847, an riƙa ba sojojinta absant suna zubawa a ruwan sha, wai kariya daga zazzaɓi da atuni. Zazzaɓin bai bar su ba, su kuma suka koma gida da ƙishirwarta. Daga bariki ta shiga gidajen shan kofi na Faris, har ƙarfe biyar na yamma ta sami suna, l'heure verte, koriyar sa'a. Sai kuma daga wajen 1863 wani ɗan ƙwaro da ya zo daga Amurka ya afka wa saiwar inabi, ya yi ta cin gonaki shekara da shekaru. Giyar inabi ta yi tsada. Masu matata suka koma ga barasar gwoza da ta hatsi mai arha, absant ta sauko har aljihun lebura. A 1910 Faransawa sun sha lita miliyan 36 a shekara ɗaya. Inda kasuwa ta buɗe haka, 'yan algus ba sa rasuwa: akwai masu rina ta da gishirin jan ƙarfe don ta yi kore, akwai masu zuba sinadarin antimoni don ta yi hazo. Talaka ne ya sha wannan.

Da yamma muka je Môtiers, ƙauyen da marubucin nan Jean-Jacques Rousseau ya zauna gudun hijira daga 1762 zuwa 1765. A babban titinsa akwai Maison de l'Absinthe, gidan tarihin da aka buɗe a 2014, kuma ginin shi ne tsohuwar kotun gunduma inda aka riƙa gurfanar da masu dafa ta a ɓoye. A nan ne na daɗe a gaban labarin da ya fi taɓa ni.

Ranar 28 ga Agusta 1905, a ƙauyen Commugny kusa da Janiba, wani leburan gonar inabi mai suna Jean Lanfray ya harbe matarsa mai ciki da 'ya'yansa mata biyu ƙanana. A ranar ya sha kofi biyu na absant da safe. Bayan su ya sha giyar inabi lita-lita, ya sha koniyak, ya sha kofi da barasa a ciki. Jaridu suka ɗauki kofi biyun nan suka bar sauran. Aka yanke masa shekara talatin, bayan kwana uku ya rataye kansa a kurkuku. Mutane dubu tamanin da wani abu suka sa hannu a takardar koke a jiharsa kaɗai. Ranar 5 ga Yuli 1908 aka yi ƙuri'ar raba gardama a duk ƙasar, kashi 63 cikin ɗari suka ce a haramta, aka rubuta haramcin cikin tsarin mulki, ya fara aiki ranar 7 ga Oktoba 1910. Jihohi biyu ne kawai suka ƙi, Nushatel da Janiba. Maza ne kaɗai suka yi ƙuri'ar, domin matan Suwizalan ba su sami wannan 'yanci ba sai 1971, alhali su ne suka fi kowa sanin abin da maye ke yi a cikin gida. Beljiyam ta riga ta hana, Amurka ta bi a 1912, Faransa a 1915 ana tsakiyar yaƙi.

Hujjar likitoci ta fito ne daga wani likitan masu taɓin hankali a Faris, Valentin Magnan. Ya shaƙa wa ɓerayen Masar tsantsar man ganyen, suka kama jijjiga kamar masu farfaɗiya, sai aka ce ga shaida, absant na da wata hauka tata daban da ta giya. Gaskiya ne akwai sinadari a ganyen, thujone, wanda in ya yi yawa yana tayar da jijjiga, shi ya sa har yau dokar Turai ta ƙayyade shi a miligiram 35 cikin kilo. Amma tsantsar mai daban, abin da ke cikin kofi daban. A 2008 masu bincike suka buɗe tsofaffin kwalabe 13 da aka cika kafin haramci suka auna, suka tarar yawancinsu ba su wuce wannan iyaka ta yau ba. Kafin mutum ya sha abin da thujone zai taɓa shi, barasar ta riga ta kashe shi.

A nan raina ya ɓaci, kuma har yanzu in na tuna yana ɓaci. Ɓarna ta faru, ba ƙarya ba ce. Matar nan da 'ya'yanta sun mutu, asibitoci sun cika da mashaya, gidaje sun watse. Amma abin da ya yi ɓarnar yana cikin kowace kwalba a kan teburin Lanfray, ba a cikin biyu kaɗai ba. Masu gonakin inabi, waɗanda gonakinsu suka farfaɗo suna neman kasuwarsu ta dawo, sun shiga sahun masu yaƙi da absant, aka yi gangami ana kiran giyar inabi abin sha mai lafiya. Aka kama ganyen da kakata ke jiƙa mana aka ɗora masa laifin, barasa ta fita ta ƙofar baya da wankakken suna. Na faɗa wa abokina haka a bakin ƙofar kotun. Ya ce mutanen kwari sun yi shekara ɗari suna faɗin rabin maganata, wato ganyen ba shi da laifi. Ɗaya rabin, cewa barasar na da shi, ba kowa ke son ji ba. Ya ce a danginsa ma akwai wanda kwalba ta ci.

Shekara 95 haramcin ya yi, kuma ba a daina dafawa ba ko na shekara ɗaya. Tukwane suka koma ƙarƙashin ƙasa, bayan kabad, ɗakin wanki. Aka daina rina ta kore don in jami'i ya ga kwalba ya ɗauka wata barasa ce da doka ta yarda da ita, sai aka raɗa mata la bleue, shuɗiya, saboda launin hazonta. Tsohon ya ce mahaifiyarsa da dare take hura wuta, ranar da manoma suka watsa taki a gona, don warin ya danne ƙamshin yansun. Mata da yawa da ita suka ciyar da 'ya'ya lokacin da masana'antun agogo suka riƙa sallamar ma'aikata. Na tambaye shi ina suke samun barasa tsantsa. Ya dube ni ya ce, "A wurin abokan sana'arka, Monsieur le pharmacien. Kowa ya sani." Ban sami abin cewa ba, don na san yadda kanta irin tawa ke iya zama ƙofa, na ga abin da maganin tari ya zama a garuruwanmu. A 1983, da shugaban Faransa François Mitterrand ya kawo ziyara Nushatel, an kawo masa kayan zaƙi da aka ce da absant aka haɗa, maganar ta kai mai gidan abincin gaban alƙali. Sai ranar 1 ga Maris 2005 aka ɗage haramcin. Tsohon ya yi rajista, ya fito da tukunyarsa fili, yana biyan haraji. Wasu tsararrakinsa sun ƙi, har yau a ɓoye suke yi.

Washegari muka hau dutse a ƙafa ta cikin daji. La'asar ta same mu kusa da wani idon ruwa da ke fitowa daga dutse yana zuba a kwamin itace. Abokina ya nuna mini wani ɗan akwati a jikin bishiya: kwalba ce a ciki, da kofi, da gwangwanin jefa kuɗi. Al'adar kwarin ce tun zamanin ɓoyo, mai wucewa ya zuba, ya tara ruwan dutsen a kai, ya ajiye abin da ya sawwaƙa. Ba mai gadi. Na naɗe hannun riga na yi alwala da ruwan nan, sanyinsa har cikin ƙashi, na duba alƙibla a waya na shimfiɗa rigar sanyina a kan ganye. Shi kuma ya koma can gefe ya zauna a kan kututture, bai taɓa akwatin ba har na sallame.

Pontarlier muka je a mota, ta Les Verrières. Kafin gari hanya ta bi ta ƙarƙashin Château de Joux, tsohon kurkukun da ke kan tsauni inda Toussaint Louverture, jagoran bayin da suka 'yantar da Haiti, ya rasu cikin sanyi ranar 7 ga Afrilu 1803. Na roƙi abokina ya tsaya, na fita na ɗan tsaya ina kallon bangon. Shekara biyu bayan rasuwarsa Pernod ya hura wutar tukunyarsa a ƙasan wannan dutse.

Garin kansa ya taɓa ɗaukar matatu fiye da ashirin. Ta Pernod ce babba, a bakin kogin Doubs, kuma yau kamfanin Nestlé ne a wurin. Ranar 11 ga Agusta 1901 aradu ta faɗa mata, wuta ta kama. Don kada manyan tankuna su fashe su cinye unguwa, aka buɗe su aka saki absant cikin kogi, ruwa ya yi fari kamar an zuba nono. Bayan kwana biyu mutane suka ji ƙamshin yansun a maɓuɓɓugar wani kogi daban, Loue, can bayan duwatsu. Da haka aka tabbatar cewa ruwan Doubs na zurarewa ta ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo a can. Na tsaya a kan gada ina kallon ruwan, kore ne mai duhu, yara na jefa wa agwagi burodi.

Ranar da zan koma Nushatel tsohon ya zo tasha da ƙunshi a takarda. Ya ce ya san kwalba ba ta da amfani a wurina, ga ganye daga yankan bara. Mahaifiyarsa, in ji shi, takan jiƙa musu ɗan kaɗan a ruwan zafi in cikinsu ya murɗa, su sha suna kuka.

Da na dawo Maraɗi na kai wa kakata Inna. Ta kwance takardar, ta murza ganyen a tafin hannu, ta shinshina, ta ɗora ɗan kaɗan a harshe ta yamutsa fuska.

"'Yar uwar tazargade ce," ta ce, "amma wannan ta fi faɗa. Me suke yi da ita a can?"

Na ce, "Giya, Inna."

Ta yi shiru tana juya reshen. "Ba sa jiƙa wa mai ciwon ciki?"

Na ce tsohon da ya ba ni ya ce uwarsa takan jiƙa musu.

Ta gyaɗa kai. Ta yagi gefen wani tsohon zane ta ƙulle ganyen a ciki, ta tashi ta cusa shi a bayan tulu.